New York ko Houston: Ina Albashin Malamin Yara Masu Buƙata ta Musamman Ya Fi Auki?

A Amurka, koyar da yara masu buƙata ta musamman yana cikin ayyukan da kusan kowace jiha ke kukan ƙarancin ma'aikata a kansu, musamman a makarantun midil, wato aji 6 zuwa aji 8, inda yara ke tsakanin shekara 11 da 14. Dokar tarayya da ake kira IDEA, wadda asalinta ke komawa ga 1975, ta wajabta wa kowace makarantar gwamnati ta bai wa yaro mai naƙasa ilimi kyauta daidai da buƙatarsa, kuma yaran da ke ƙarƙashin wannan doka sun kai kimanin miliyan 7.5, wajen kashi 15 cikin 100 na ɗaliban makarantun gwamnati. Saboda haka wanda ya mallaki takardar shaidar koyarwa a wannan fanni ba ya daɗewa yana neman aiki. Abin da ke gabansa shi ne zaɓen garin da zai zauna. Ga mutanenmu da ke da izinin zama da aiki a ƙasar, garuruwa biyu ne suka fi yawan shigowa cikin lissafi: birnin New York, inda unguwar Bronx ke da Hausawa daga Ghana da Nijar da Najeriya, da kuma Houston a jihar Texas, wanda ke cikin biranen da 'yan Najeriya suka fi yawa a duk Amurka.

Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka sun nuna cewa matsakaicin albashin malaman wannan fanni yana wajen dala 65,000 a shekara, kuma na masu koyarwa a midil bai yi nisa da hakan ba. Wannan adadi bai da wani amfani sosai ga mai son yanke shawara, domin ba gwamnatin tarayya ke biyan malamai ba. Kowace gundumar ilimi tana da jadawalin albashinta, kowace jiha tana da harajinta da tsarin fanshonta, kuma kowane gari yana da kuɗin hayarsa. Malamai biyu masu takardu iri ɗaya za su iya fara aiki da albashi mai kama da juna, amma bayan shekara goma a tarar da ratar dala 30,000 a tsakaninsu.

A birnin New York, yarjejeniyar da ƙungiyar malamai ta UFT ta ƙulla da gwamnatin birnin a 2023 ce ke tsara albashi har zuwa 2027. A 2025, sabon malami mai digiri na farko ya fara da ɗan ƙasa da dala 70,000, mai digiri na biyu kuma da fiye da dala 75,000. Malamin yara masu buƙata ta musamman yana kan jadawali ɗaya da malamin lissafi ko na tarihi, ba a ware masa wani albashi na dabam. A Houston, gundumar birnin ta sanya albashin farawa na malamai a kan dala 64,000 a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, kuma gundumomin kewaye irin su Katy da Cypress-Fairbanks da Fort Bend da Alief suna biyan abin da ya yi kusa da haka. Yawancinsu suna ƙara wa malamin wannan fanni wani alawus na shekara, wanda girmansa ya danganta da gunduma da kuma irin ajin da aka ba shi, domin mai kula da yara masu matsananciyar lalura ko masu matsalar ɗabi'a ya fi samun kaso mai tsoka. Akwai kuma abin da ya faru a 2023, lokacin da hukumar ilimi ta jihar Texas ta karɓe ragamar gundumar Houston ta naɗa Mike Miles ya shugabance ta. A makarantun da ya sanya cikin sabon tsarinsa na NES, albashin muƙamai da dama ya haura dala 80,000, kuma malaman yara masu buƙata ta musamman suna cikin waɗanda aka yi wa ƙarin. Sai dai tsarin ya zo da sa ido mai tsanani da yawan shigowa aji don tantance malami, kuma malamai masu yawa sun ajiye aiki a gundumar tun daga lokacin. Wanda wannan kuɗi ya ja hankalinsa ya kamata ya tattauna da malaman da ke cikin makarantar kafin ya sa hannu.

Idan aka tsaya a kan albashin farawa kaɗai, New York ce a gaba da kimanin dala 10,000 ga mai digiri na biyu. Takardar biyan albashi ta ƙarshen wata ce ke sauya wannan hoto. Malamin da ke zaune a cikin birnin New York yana biyan haraji hawa uku: na tarayya, na jiha wanda ga mai irin wannan albashi yake tsakanin kashi 5 da 6 cikin 100, da na birni wanda ya kusa kashi 4. Ana kuma cire masa kashi 6.2 na asusun tsaron rayuwa na tarayya, wanda ke biyan ma'aikaci kuɗin wata-wata bayan ya yi ritaya, da kashi 1.45 na asusun lafiyar tsofaffi, da gudummawar fansho wadda ga sababbin ma'aikata take tsakanin kashi 3 da 6 gwargwadon albashi, sannan kuɗin ƙungiya. Texas kuwa ba ta da harajin albashi na jiha ko na birni, kuma yawancin gundumominta ba sa cikin asusun tsaron rayuwa na tarayya, don haka ba a cire wa malamansu wannan kashi 6.2 ɗin. Abin da ake yanka shi ne kashi 8.25 na asusun fanshon malamai na jihar, da harajin tarayya, da kashi 1.45 ɗin na asusun lafiyar tsofaffi, da kuɗin inshorar lafiya. Idan mutum ya zauna da alƙalami ya yi ƙiyasi ga gwauro mai albashin dala 77,000 a New York da takwaransa mai dala 67,000 a Houston, zai ga abin da ke shiga asusun kowannensu a wata yana tsakanin dala 4,200 da 4,500, kuma sau da yawa na Houston ne ke ɗan zarcewa. Ratar dala 10,000 ɗin ta narke tun kafin a biya kuɗin haya.

Haya ce babbar matsalar New York, kuma tsadarta rabin matsalar ce kawai. Binciken gidaje na birnin na 2023 ya gano cewa kashi 1.4 cikin 100 ne kacal na gidajen haya ba kowa a ciki, wanda hakan ke nufin mai gida ne ke zaɓen ɗan haya. Al'adar masu gidaje a can ita ce su nemi shaidar cewa albashin mutum na shekara ya ninka kuɗin hayar wata sau 40. Gida mai ɗaki ɗaya da falo a Bronx, wadda ita ce mafi sauƙi a cikin unguwannin birnin biyar, yana iya kaiwa dala 2,000 a wata ko ya wuce. Ninka wannan sau 40 ya ba da dala 80,000, ke nan sabuwar malama mai digiri na biyu za ta iya miƙa takardar ɗaukar aikinta ga dillali ya duba ya ce ba ta cancanta ba, sai ta kawo wanda zai tsaya mata, shi kuma ana so albashinsa ya ninka hayar sau 80. Wannan ne ya sa malamai da yawa ke raba gida da abokan zama a shekarunsu na farko, ko su ci gaba da zama da iyaye. Wanda ya yi sa'ar samun ɗaya daga cikin gidaje kusan miliyan ɗaya da doka ta taƙaita ƙarin hayarsu, ko kuma yake da dangin da za su ba shi ɗaki a Bronx, lissafinsa ya bambanta ƙwarai da na baƙon da ya sauka da akwatinsa. A Houston, irin wannan gida yana tsakanin dala 1,100 da 1,400 a unguwanni masu kyau, masu gidaje sukan nemi albashin wata ya ninka haya sau 3 kawai, kuma gidajen suna da yawa har wasu kan yi rangwamen wata guda don jawo ɗan haya.

Abin da Houston ta rage wa mutum a haya, mota tana karɓar kaso mai yawa daga ciki. Birnin shimfiɗaɗɗe ne, makarantar da aka tura malami za ta iya kasancewa tafiyar minti 40 a babbar hanya, kuma motocin haya na gwamnati ba su isa a dogara da su ba. Biyan bashin mota da inshora da fetur da gyara da kuɗin hanyoyin da ake biya kafin a bi suna iya cin dala 700 zuwa 900 a wata, kuma inshorar ta fi tsada ga wanda bai daɗe da samun lasin tuƙi na Amurka ba. A New York, jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas suna aiki dare da rana, kuɗin shiga kimanin dala 3 ne, kuma akwai iyakar abin da za a caji mutum a mako, don haka dala 150 a wata ta wadatar. Houston tana da nata ƙarin nauyin: kuɗin lantarki na na'urar sanyaya ɗaki daga watan Mayu zuwa Oktoba, da haɗarin ambaliya da guguwa, kamar yadda aka gani a guguwar Harvey ta 2017 da Beryl ta 2024 wadda ta bar gidaje fiye da miliyan 2 babu wuta. Bayan an cire haya da sufuri, gwauron da ke Houston yakan tsira da 'yan ɗaruruwan daloli a wata fiye da na New York. Rata ce ta gaske, amma ba ta kai yadda ake zuzuta ta a hira ba.

Inda garuruwan biyu suka rabu sosai shi ne abin da ke faruwa da albashi bayan shekarun farko, kuma a nan ne ya kamata mai zaɓe ya fi daɗewa yana nazari. Jadawalin New York yana hawa ta hanyoyi biyu a lokaci guda. Akwai matakan shekarun aiki, akwai kuma ƙarin da ake yi saboda karatu, na digiri na biyu da na ƙarin darussa 30 a kansa. A ƙarƙashin yarjejeniyar 2023, malamin da ya cika sharuɗɗan karatun yana iya kaiwa dala 100,000 cikin shekara 8, kuma ƙololuwar jadawalin, ga wanda ya yi shekara 22, za ta haura dala 150,000 kafin yarjejeniyar ta ƙare. Wannan hawan rubutacce ne, bai dogara da ra'ayin shugaban makaranta ba. Jadawalin gundumomin Texas kuwa kusan a kwance yake. Suna biyan albashin farawa mai kyau don jawo sababbin malamai, amma ƙarin kowace shekara 'yan ɗaruruwan daloli ne, ta yadda malamar da ta yi shekara 20 za ta iya tarar da cewa abin da ya raba ta da wadda ta fara jiya bai wuce dala 10,000 zuwa 12,000 ba. Digiri na biyu ma alawus ɗin dala 1,000 zuwa 2,000 kawai yake jawowa a gundumomi da yawa. Majalisar dokokin jihar ta yi ƙoƙarin gyara wannan a 2025, inda ta amince da ƙarin dala 2,500 ga malaman manyan gundumomi masu shekara 3 ko 4 a aiki, da dala 5,000 ga masu shekara 5 zuwa sama. Akwai kuma tsarin ladan ƙwazo da aka kafa a 2019, wanda ke iya ƙara wa malami daga dala 3,000 zuwa sama da 30,000 a shekara. Matsalar malamin yara masu buƙata ta musamman da wannan tsari ita ce ana auna shi ne da ci gaban ɗalibai a jarrabawa da kuma tantancewar aji, kuma ba kowace gunduma ce ta samar da ma'aunin da ya dace da yaron da babbar nasararsa ta shekara ita ce ya iya zama minti 20 a kujera ko ya karanta jadawalin bas da kansa ba.

Inshorar lafiya ita ce abu na biyu da ke juya lissafin, kuma mai iyali ne ya fi jin ta a jikinsa. Ma'aikatan birnin New York suna da tsarin inshora da ba a yankar musu kuɗin wata-wata a kansa, har da matar aure ko miji da 'ya'ya, sannan asusun walwala na ƙungiyar malamai yana ɗaukar nauyin magunguna da haƙori da tabarau. A Texas, mafi ƙarancin gudummawar da doka ta ɗora wa jiha da gunduma a tsarin inshorar malamai ita ce dala 225 a wata, adadin da aka sanya tun farkon shekarun 2000. Gundumomi da yawa suna ƙarawa a kai, wasu manyan kuma suna da nasu tsarin, amma malamin da ya sanya mata da yara a cikin inshorarsa zai iya ganin an yanke masa dala 1,000 ko fiye a kowane wata. Ga magidancin da shi kaɗai ke aiki, wannan yanka ya isa ya cinye duk ribar da arahar haya ta kawo. Idan kuwa matarsa ma'aikaciyar jinya ce ko tana aiki a kamfanin da ke ba da inshora mai kyau, matsalar ta kau. New York tana da ƙarin sauƙi ga masu ƙananan yara, domin ajin share fage kyauta ne ga duk ɗan shekara 4, akwai kuma gurabe na 'yan shekara 3.

Batun fansho gajere ne amma yana da nauyi. A wuraren biyu, sai mutum ya yi shekara 5 kafin ya cancanci fansho. Malamin New York zai yi ritaya da fanshon birni da kuma kuɗin asusun tarayya, na Texas kuwa a mafi yawan gundumomi da fanshon jiha kaɗai, wanda ba ya ƙaruwa da kansa idan kaya suka yi tsada sai majalisa ta ga dama. Kashi 6.2 ɗin da ba a cire masa ba yau, shi ne zai rasa a tsufansa idan bai tara da hannunsa ba. Dokar da aka sanya wa hannu a Janairun 2025 ta soke ragin da ake yi a kuɗin ritayar asusun tarayya na malaman da suka yi wani aikin a baya suka biya asusun, wanda hakan ya taimaki masu shigowa koyarwa daga wata sana'a.

Albashi ba ya auna nauyin aikin, kuma a wannan fanni nauyin ne ke korar mutane. Kowane yaro yana da rubutaccen shirin karatunsa da ake kira IEP, kuma malami ne ke rubuta manufofinsa, ya tattara shaidar ci gaba, ya zauna taro da iyaye da masanin halayyar yara da mai koyar da magana, duk a kan wa'adin da doka ta gindaya. A midil abin ya fi wuya, domin yaro yana zagaya malamai shida ko bakwai a rana, kuma dole a bi kowannensu a tabbatar yana ba shi ƙarin lokacin jarrabawa ko kujerar gaba da aka rubuta masa, ga kuma rigimar balaga. New York tana da ƙayyadaddun adadi: aji na musamman mai ɗalibai 12 da malami ɗaya da mataimaki ɗaya, ko 8, ko 6 ga yara masu lalurar galahanga mai tsanani, kuma a ajin haɗaka mai malamai biyu, inda ake haɗa su da sauran yara, yaran da ke da IEP ba za su wuce 12 ba. Ana karya waɗannan ƙa'idoji a wasu makarantu, amma akwai ƙungiyar da ke da hurumin shigar da ƙorafi, kuma bayan shekara 4 na gwaji malami yana samun tabbacin aiki. A Texas doka ta hana malaman gwamnati ƙulla yarjejeniyar albashi ta ƙungiya, yawan yaran da za a ɗora wa malami kuma yana hannun gunduma. Tarihi ma yana da hannu a ciki: daga 2004 jihar ta yi amfani da ma'aunin da ya matsa wa gundumomi kada yaran da ke samun wannan hidima su wuce kashi 8.5 cikin 100, har sai da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta yanke hukunci a 2018 cewa hakan ya saɓa wa doka. Tun daga lokacin adadin yaran da ake tantancewa ya yi tashin gwauron zabo, malaman kuwa ba su ƙaru daidai da shi ba.

Ta fuskar shiga aikin, Texas ta fi sauƙi da sauri. Mai digiri na farko zai iya bin shirin horarwa na gajeren zango ya fara koyarwa da cikakken albashi cikin shekara guda, kuma ba a tilasta masa yin digiri na biyu. Jihar New York tana buƙatar digiri na biyu cikin shekara 5 kafin a ba da cikakkiyar takardar shaida, kuma karatun yana da tsada, ko da yake shirin Teaching Fellows na birnin yana ɗaukar kaso mai yawa na kuɗin ga waɗanda suka amince su koyar a fannonin da ake ƙarancin malamai. Wanda ya yi digirinsa a Zariya ko Kano ko Yamai sai an tantance takardunsa a duk jihar da ya zaɓa. Yafiyar bashin karatu ta tarayya, wadda ke kaiwa dala 17,500 ga malamin wannan fanni da ya yi shekara 5 a jere a makarantar marasa galihu, tana aiki a wuraren biyu, don haka ba ta shiga cikin abin da zai raba gardama. Akwai kuma ƙaramin abu da Musulmi zai so ya sani: tun 2015 birnin New York ya sanya ƙaramar Sallah da babbar Sallah cikin ranakun hutun makarantun gwamnati.

A ganina, Houston ta fi dacewa da mutum iri biyu. Na farko shi ne gwauro ko sabon ango da ke son fara aiki da wuri, ya tara kuɗi na 'yan shekaru, yana aika wa gida, ba tare da niyyar tsufa a aji ba. Na biyu shi ne ma'auratan da dukansu ke aiki kuma burinsu mallakar gida, domin matsakaicin farashin gida a yankin Houston bai kai dala 400,000 ba, abin da malami a New York zai yi shekaru yana hange daga nesa, ko da yake harajin gida na shekara-shekara a Texas yana cikin mafi tsada a ƙasar. New York ta fi dacewa da wanda ya ɗauki koyarwa a matsayin aikin rayuwarsa, yake da iyalin da za su dogara da inshorarsa, kuma yake da hanyar jure shekaru biyar na farko, ta zama da dangi ko raba haya ko karɓar aikin bayan tashi, ko kuma aikin hutun bazara wanda a makarantun Gunduma ta 75 ta yara masu matsananciyar lalura yake ƙara kashi 17.5 cikin 100 na albashin shekara.

Kafin mutum ya amsa tayin kowace gunduma, ya nemi jadawalin albashinta, wanda ake wallafawa a intanet, ya duba layin shekara ta 10 da ta 20, ba na shekarar farko kaɗai ba. Ya nemi takardar farashin inshora ya karanta layin iyali. A ganawar ɗaukar aiki kuma ya tambayi shugaban makarantar yara nawa za a ɗora masa, mataimaka nawa ne a ajin, sa'a nawa aka ware masa a mako don rubuta IEP, da kuma malamai nawa ne suka riƙe wannan ajin a shekaru uku da suka wuce.